Wa Ke Bin Wa Bashi?

A Amurka, idan ɗalibi ya janye daga jami'a kafin ya cinye kashi 60 cikin ɗari na zangon karatu, sai a mayar wa gwamnati wani ɓangare na tallafinsa. Masu kwaɗayin aro mana wannan doka su dakata. Can kuɗin kan iso tun farkon zango. Nan Damagaram kuwa, ɗan Jami'ar André Salifou da ya taso daga Mirriya ko Tanut kan share watanni yana dakon hukumar ANAB, yana cin bashin gari, har yunwa ta mayar da shi gida. Da yawansu ta ajina suka biyo; ba lalaci ya kore su ba. Mai cewa su biya, ya fara ƙirga watannin da suke bin Yamai.