Iya Ruwa Fid Da Kai: Ina Ƴaƴan Bande Za Su Koyi Iyo?

Kwanan baya wani ƙanena da ke aiki a Yamai ya zo gida hutu, yana ba ni labarin yadda ya zaɓar wa ƴaƴansa wurin iyo, wato abin da masu jin Faransanci ke kira fisin. Ya ce sai da ya duba zurfin ɓangaren ƙanana, ya tambaya ko akwai mai tsaro wanda ya iya ceto, ya tabbatar ana zuba wa ruwan magani, sannan ya biya kuɗi. Na saurare shi har ya gama, na ce masa, "Mu nan Bande yara ne ke zaɓar wa kansu, kuma zaɓin bai wuce biyu ba: kududdufin da aka haƙa don yin tubali, ko tafkin fadama."

Na kai wannan magana gaban wasu abokan aikina malaman lakwal, sai suka ba ni amsar da aka saba: a hana yara zuwa ruwa, wanda ya je a zane shi. Da su nake jayayya a nan, domin kuwa wannan hani mun gada ne daga iyayenmu, kuma mu kanmu da muna yara ba mu bi shi ba. Ƙasarmu ƙasar Korama ce. Daga Bande zuwa Magarya har Dungas, ruwa yana kusa, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu suke yi. Babban hutun makaranta yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da kududdufai ke cika, manya kuma suna gona. Wane ne zai tsare yaro ɗan shekara bakwai a irin wannan rana? Amfanin bulala ɗaya ne: tana koya masa ya tafi a ɓoye, inda babu idon babba.

Ruwan nan yana cin yaranmu ta hanya biyu. Ta farko nutsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka gwada da yawan jama'a. Yaron da ke nutsewa ba ya iya kururuwa. Shiru za a ji. Idan abin ya faru sai mu ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Mun yarda da ƙaddara, amma ramin da muka haƙa da hannunmu muka bari buɗe a bayan gida, laifinsa ba na iska ba ne.

Ta biyu tsargiya. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙaramar katantanwa ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Har yanzu akwai gidajen da ke ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara girma, ko zafin rana. Alhali kuwa mafitsara ce ke ciwo, jini yana ƙarewa, yaro yana gyangyaɗi a aji. Tun 2004 Nijar ta fara rabon maganin firazikwantel a makarantu, kuma mu malamai ne ke auna tsawon yara muna miƙa ƙwayoyin. Magani ne mai kyau, sai dai ba ya hana sabon kamu. Mu ba yaro yau, gobe ya koma tafkin da ya ɗauko ta.

To mene ne abin yi? Yaro ba zai rabu da ruwa ba, saboda haka mu ne ya kamata mu zaɓar masa ruwan. A Adasawase ta ƙasar Gana mutanen gari da masu bincike sun gina kwamin siminti na wasan yara, ana cika shi da ruwan sama da na rijiyar burtsatse, kuma sabon kamun tsargiya ya ragu. A Bangaladash ana kafa dandamalin gora cikin tafki, a kewaye shi, a koya wa ƴan makaranta iyo; ƙanana kuma a tara su wurin mata masu reno a sa'o'in da iyaye ke aiki. Su ma talakawa ne irinmu.

Abin da nake nema kwami ne marar zurfi, wanda ruwansa bai wuce ƙirjin ɗan aji biyu ba, a cika shi da ruwan famfo, wanda babu katantanwa a cikinsa. A yi masa katanga da ƙofa mai kwaɗo, domin kwami buɗe wani kududdufin ne. A sauya ruwan a kai a kai don kada sauro ya samu gida, tsohon ruwan a juya shi lambun makaranta. Daga shekara 6 a koyar da iyo. Ƴan ƙasa da haka kada babba ya yi nisa da su fiye da miƙa hannu. A ware wa ƴan mata ranakunsu tare da malamai mata, tunda su ne ke wanki a bakin tafki.

Za a ce iyo ba al'adar Bahaushe ba ce. Wanda ya faɗi haka ya je ya ga Kabawa a bikin kamun kifi na Argungu, ko masuntan tafkin Gidimuni nan kusa da mu. Malamanmu kuma suna kawo cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo. Za a ce babu kuɗi. Amma muna tara kuɗin kokowa da na biki, kuma masu lambu suna kafa famfo mai aiki da hasken rana. An taɓa cewa kurkunu ba ya rabuwa da ƙauye. Da matatar ƙyalle da wayar da kai, a 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi.

Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya 25 ga Yuli ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, ta kuwa faɗo tsakiyar daminarmu. Ina kira ga kwamitocin iyayen yara, da ƙungiyoyin al'adu, da magajin gari, da masu unguwanni: kafin wannan rana a zaga gari a ƙirga ramukan tubali, a cike na cikewa, a shinge sauran, a kuma ware fili kusa da makaranta ɗaya a aza harsashin kwami na farko. Allah ya raya mana zuriya.