Tsofaffin tangaran na Ingila a Kano: Dukiya ko tarkace?

A gidaje da dama na unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a birnin Kano, akan tarar da kabad mai gilashi a ɗakin uwargida, cike da farantai da kofuna da butocin shayi na tangaran waɗanda aka yi shekara da shekaru ba a ci abinci a cikinsu ba.

Idan aka kifa wasu daga cikinsu, akan ga tambarin masana'anta da kuma rubutun da ke nuna cewa a Ingila aka yi su.

Kayan dai na jere ne, wato abin da iyaye suka kai wa 'yarsu ɗaki lokacin aurenta. A al'ada da kuma shari'a mallakar matar ne, miji ba shi da iko a kansu, kuma su ne takan fara dubawa idan rana ta ɓaci.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da sakin naira da aka yi a watan Yunin shekarar, magidanta suka shiga matsi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kan kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, yayin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024.

A irin wannan yanayi ne mata kan miƙa wa dillaliya kayan ɗaki ta kewaya da su gida-gida. Sai dai galibi mai kayan da dillaliyar ba su da hanyar sanin ainihin darajar abin da ke hannunsu.

Yadda kayan suka shigo

Kafin zuwan Turawa, ƙwarya da akushi da tasoshin tagulla su ne adon ɗakin amarya a ƙasar Hausa.

Isowar layin dogo Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa suka buɗe ƙofa ga kantunan Turawa irin su John Holt, da kuma UAC wanda aka kafa a 1929. Daga nan ne langa da fanteka da kumbo suka fara ture ƙwarya, har ta kai ga wasu 'yan kasuwa daga Hong Kong sun kafa masana'antun yin kwanuka a Najeriya, ciki har da Kano.

Tangaran kuwa ya kasance na masu hannu da shuni: gidajen sarauta, da attajirai, da manyan ma'aikatan gwamnati da ke sayayya a kantuna irin su Kingsway da Leventis. Irin waɗannan ma'aikata da 'yan kasuwa na cikin waɗanda suka gina gidaje a wajen badala, lokacin da birnin ya faɗaɗa ta hanyar Zariya.

Yawancin kayan Ingilar sun fito ne daga birnin Stoke-on-Trent, inda Josiah Wedgwood ya kafa kamfaninsa a 1759. A can ne kuma kamfanin Spode ya kyautata wani nau'in tangaran a ƙarshen ƙarni na 18, wanda kusan rabin haɗinsa tokar ƙashin shanu ce. Shi ne siririn nan mai fari tas, wanda idan aka ɗaga shi a rana ake hango inuwar yatsu ta bayansa.

Kasuwar ta sauya a Birtaniya

Wani abin lura shi ne, a can gida ma masana'antar ta daɗe tana tangal-tangal.

Kamfanin Royal Worcester, wanda tarihinsa ya faro daga 1751, ya durƙushe tare da Spode a 2008. A watan Janairun 2009 kuma rukunin Waterford Wedgwood ya bi sahu, kafin wani kamfanin ƙasar Finland mai suna Fiskars ya saye shi a 2015. A 2025 ma an rufe masana'antar Royal Stafford, bayan tsadar makamashi ta yi mata katutu.

Mutum zai zaci rufe masana'antu zai sa tsofaffin kayansu su yi tsada. Amma ba haka lamarin ya kasance ba ga yawancinsu.

Dalili kuwa shi ne matasan Birtaniya ba su damu da jera farantan da ba a amfani da su ba, saboda haka kayan kakanninsu suka cika shagunan gwanjo a farashi mai rahusa.

Abin da masu tara kayan tarihi ke zuba kuɗi a kai shi ne kayan ƙarni na 18 da farkon na 19, waɗanda aka yi wa zane da hannu, ba su da yawa, kuma an san hannayen da suka bi.

Mafi yawan abin da aka yi jigilarsa zuwa ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka kuwa na ƙarni na 20 ne, daga kamfanoni irin su Johnson Brothers da Meakin, waɗanda ke buga dubban farantai iri ɗaya. Da yawansu ma ba tangaran na ainihi ba ne, yumɓu ne mai kauri da aka yi wa ruwan gilashi.

Tambarin da ke ƙarƙashin faranti na taimakawa wajen gane shekarunsa. Wata dokar haraji ta Amurka ce ta sa masana'antu suka fara rubuta sunan ƙasa a jikin kaya daga 1891. Don haka farantin da ke ɗauke da sunan Ingila, da wuya a ce ya girmi wannan shekara.

Haka nan tsagewa, ko ɓantarewar baki, ko rashin murfin buta, kan karya farashi ƙwarai, kamar yadda raba saiti ɗaya tsakanin magada ke yi.

Haɗari biyu

Mai kayan na fuskantar asara ta fuska biyu.

Ta farko ita ce ta sayar da abu mai daraja a farashin tsohon kwano. A nan wanda ya fi sani shi ke cin riba, kuma fataken Hausawa masu cinikin kayan tarihi, waɗanda suka daɗe suna kai kaya Legas da Abidjan har da Turai da Amurka, sun fi matan cikin gida sanin kasuwa nesa ba kusa ba.

Ta biyu kuma ita ce ruɗin jita-jita. A 2009 an yi rububin sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya, bisa raɗe-raɗin cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikinsu, kuma mutane suka tafka asara. Duk wanda ya ci bashi ya tara farantai da tunanin Turawa za su saya da dala, yana iya gamuwa da irin wannan.

Ta fuskar doka, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Amma ta fi mayar da hankali ne kan abubuwan da aka ƙera a cikin gida kafin 1918, abin da ya sa kayan da aka shigo da su daga waje ba su samun kulawa sosai.

Ga masana tarihi kuwa, darajar kayan ba ta tsaya ga kuɗi ba. Farantin da ya shigo Kano a zamanin dalar gyaɗa, ya bi ta hannun kaka da uwa da 'ya, shaida ce ta yadda mata suka riƙa adana dukiya tun kafin su san banki. Wurare irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na iya zama ma'ajiyar irin wannan tarihi.

Akwai kuma darasi a labarin Ladi Kwali, maginar tukwane da ta shiga cibiyar da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, kuma tukwanenta kan yi dubban fam a gidajen gwanjo na Landan, farashin da yawancin farantan Ingila da ke Kano ba za su kusance shi ba.

Amaren yanzu dai sun koma ga dina-set na China da Turkiyya da kwanukan ajiye zafi, kuma tsohon kabad na ƙara rasa wuri a ɗaki. Abin jira a gani shi ne ko za a sami masu tantance waɗannan kaya su faɗa wa masu su gaskiyar farashinsu, kafin matsin rayuwa ya fitar da su daga gidajen ɗaya bayan ɗaya.