A auna ruwanmu kafin a ce mu yi noman rani

A ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, igiyar rijiya ta haura gaba ashirin. Muna yara, sa ake ɗaura wa igiyar, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya. Wanda ya tashi a haka ba sai an koya masa tattalin ruwa ba: ruwan alwala ma a gindin bishiya ake zubar da shi. Shi ya sa ranar da muka ji ana shela a rediyo cewa kowane manomi ya rungumi noman rani, Baba ya rage muryar akwatin ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, masu wannan magana sun taɓa jan guga a garin nan kuwa?"

Ni ina goyon bayan noman rani ɗari bisa ɗari. Damuwata ita ce noman ranin da ake tallata mana na mutanen fadama ne. A Auyo da Haɗeja, ruwa na gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, manomi ya ja layin fangali, ya tada inji, ya malala ruwa har ya kwanta. Tashar gwajin ban ruwa ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ita ma a gefen ruwan Tiga take. Mu kuwa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar babu kogin da ya ratsa mu. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi mai shanye ruwa kafin ka juya baya. Damina ta sauka a watan Yuni, ta ɗauke a Satumba, a girbe gero da wake da riɗi da zoɓo, samari su ɗaure jaka su tafi cin rani Kano ko Legas. Mai fadama yana lissafin buhu nawa kadada za ta ba shi. Mu lissafinmu shi ne kwando nawa na kuɓewa jarka ɗari za ta haifar, kuma wannan lissafin ne nake so masana su zo su yi tare da mu.

Na gwada da hannuna. Ranin shekarar da aka cire tallafin man fetur, wato 2023, na sayo kayan ban ruwa na ɗigo a wurin wani ɗan kasuwa a birni. Na ɗora bokiti a kan gwafa a bayan gida, na shimfiɗa siraran tiyo a kan kunya huɗu, na dasa tumatir da attaruhu. Makonni biyu na farko abin sha'awa ne: gindin kowane tsiro da ɗan da'irar laima kamar faɗin faifai, sauran ƙasar a bushe, ciyawa ba ta samu abin sha ba balle ta fito. A mako na uku ƙofofin suka fara toshewa saboda laka da ke cikin ruwan. Na bi su da allura. Sai ɓeraye suka gano inda ruwa yake, suka riƙa ɓula tiyon da dare. Da na koma neman abin gyara, mai kayan ya ce sai dai in sayi sabo gaba ɗaya.

A daidai wannan lokaci Inna ta ɗauko tsofaffin tuluna biyu da ba a shafe su ba, ta binne su har wuya, ta shuka kuɓewa da zogale kewaye da su, ta rufe bakinsu da sakaina. Bayan kwana uku ko huɗu take ƙara ruwa. Wata rana na tona gefen tulu guda da yatsa, na tarar da saiwoyi farare sun lulluɓe jikinsa, ƙasar da sanyi kamar gindin randa. Kuɓewarta ta kai bazara, tumatirina bai kai ba. Amma ba zan ce tulu ya fi tiyo ba, domin gwajin mutum ɗaya a rani ɗaya ba hujja ba ne. Tulu nawa za a binne a rubu'in kadada? Shekara nawa zai yi kafin ƙofofin jikinsa su toshe? Wace irin matata ce za ta hana tiyo toshewa da ruwan rijiyarmu? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma neman amsarsu aikin masu bincike ne.

Ilimin ba a sama yake ba. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a ban ruwa na malale, kusan kashi 60 cikin ɗari ne ke amfanar shuka, a na ɗigo kuwa yakan kai kashi 90. A rairayi irin namu asarar malale ta fi haka muni. Injiniya Simcha Blass ne ya inganta hanyar ɗigo a Isra'ila, aka kafa kamfanin ƙera kayanta don sayarwa a 1965. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, Farfesa Dov Pasternak ya daidaita ta da ƙarfin ƙaramin mai lambu: tanki a ɗan tudu, ruwa ya gangara da nauyinsa ba tare da inji ba. A yankin Tawa, manoma sun farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa ramukan tassa da rabin wata, masu tare ruwan sama da taki a gindin shuka. A Maraɗi, tun daga 1983 aka koma barin kututturen itatuwa su toho a gona maimakon a sare, gawo da kalgo suka dawo a miliyoyin kadada. Nan gida ma, marigayi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan miya ba da lantarki ba. Tsattsafar yumɓun da ta ɗaga sunansa a duniya ita ce ke shayar da kuɓewar Inna.

Cibiyoyi ma muna da su. Akwai Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero da aka kafa a 2012, akwai tsangayar aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga hukumar bunƙasa aikin gona ta JARDA da malaman gonarta. Roƙona gare su da gwamnatin jiha guda uku ne.

Na farko, a auna ruwan ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi rijiyoyi a ƙananan hukumomin nan huɗu da na ambata, a riƙa rubuta zurfin ruwansu kowane wata, a bayyana wa jama'a. Na biyu, a buɗe filin gwaji a kowace ƙaramar hukuma, a gonar manomi, a idon mutane. A jera ɗigo da tulu da rabin wata da rufe gindin shuka da kara, a ba su ruwa da awo, a ƙirga abin da kowanne ya ci da abin da ya bayar, har da kuɗin gyara da ɓarnar gara da ɓera. Gani ya kori ji. Na uku, a faɗi sakamakon da Hausa, a rediyo da ranar kasuwa, a kuma koya wa samarinmu gyaran kayan, a sa maginan tukwane cikin shirin.

Wani zai ce ai an wuce nan, a haƙa rijiyoyin burtsatse a sa musu sola kowa ya huta. Sola alheri ce, ta raba manomi da tsadar fetur. Sai dai injin da ba ya cin kuɗi yana sa a manta cewa ruwan yana da iyaka. Ruwan da ke ƙarƙashinmu ba namu ne mu kaɗai ba. Shi makiyayi ke shayar da dabbobin da ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis, shi matan ƙauye ke ɗiba don girki, kuma bai san iyakar Najeriya da Nijar ba. In mai hali ya zurfafa rijiyarsa ya zuƙe, rijiyar talaka ce za ta fara ƙafewa. Mutanen Gagarawa ba su manta da ce-ce-ku-cen da aka yi kan ware dubban kadada don noman rake ba, kuma rake na cikin shukoki mafi shan ruwa. Duk wani babban shiri irin wannan, adalci shi ne a fara da sanin yawan ruwan da ake da shi da yawan da damina ke mayarwa kowace shekara.

Wani kuma zai ce lambun bayan gida ba zai ciyar da jiha ba. Gaskiya ne, gero da dawa na damina su ne abincinmu, kuma su ma suna buƙatar iri mai saurin nuna irin SOSAT da dabarun riƙe laima. Amma gidan da ke da zogale da kuɓewa da ɗan attaruhun sayarwa daga Disamba zuwa Mayu ba zai ɓarke rumbu ya sayar da gero a araha don kuɗin cefane ba. Saurayin da ke da abin kai wa kasuwa kowane mako zai yi tunani sau biyu kafin ya hau mota ya tafi tura kura a birni.

Bana na yi wa mai ginin tukwane na garinmu maganar tuluna goma. Na kuma sayi littafi zan riƙa rubuta jarka nawa na zuba da mudu nawa na tsinka. Baba ya ba ni gefen gonarsa da ke kusa da rijiya, ya ce in malaman jami'a sun zo da ma'auninsu, a ba su har inda suke so.