Motar Ruwa Ta Fi Mana Mai Tsani

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga mahukuntan Jihar Jigawa kan motocin 'yan kwana-kwana.

Na ga irin motar nan mai dogon tsani a Kano. To, ita aikinta benaye ne, irin na Kantin Kwari. Kafin a ɗaga tsanin sai ta kafa ƙafafunta a ƙasa mai tauri, a kuma kauce wa wayar lantarki, in ba haka ba ta kife ko wuta ta ja mai hawa. Mu kuwa ƙauyukan Babura, Roni da Gwiwa, gidajenmu na ƙasa ne, hanya burji da yashi.

Bara da hunturu ina ji ina gani rumbunan maƙwabcina uku suka ƙone ƙurmus, muna ta fama da bokiti. Wallahi ba tsani muka rasa ba, ruwa muka rasa.

Don Allah a ajiye wa kowace ƙaramar hukuma motar ruwa mai famfo mai ƙarfi, kullum a cike, ana duba mesa da taya. Ga dam nan a Kazaure. Gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 ta ishe mu ishara.

Naka,
Manomi mai ɗan tireda, Babura.