Garin da aka hana wa yaro zama

Kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, ƙanƙara ta fara rufe hanyoyin Kanada da jihohin arewacin Amurka, sai dubban tsofaffi su kulle gidajensu su nufi kudu. Amurkawa suna kiran su tsuntsayen ƙanƙara, domin sun san lokacin zuwansu da na komawarsu kamar yadda manomi ya san na shamuwa. Wani nau'i ne na cin rani, sai dai shi ɗan cin rani yunwa ke korarsa, su kuwa waɗannan sanyi suke gudu, kuɗin fanshonsu na cikin aljihu. Da yawansu suna sauka a jihar Arizona, a wani gari da ake kira Sun City, wato Birnin Rana, kusa da Finiks.

Wani attajirin magini mai suna Del Webb ne ya buɗe garin ranar 1 ga Janairu 1960, a kan tsofaffin gonakin auduga. Gidaje 5 ya gina na gwaji, amma mutane wajen 100,000 suka yi tururuwa zuwa kallo a kwanakin farko. A ƙidayar 2020 mazauna garin sun kusa 40,000.

Yinin mai ritaya a can abin sha'awa ne, ba a musun wannan. Da sassafe ya hau ƴar motar lantarki irin ta filin golf, wadda aka yarda ta bi titunan gari, ya tafi wasa ko iyo a tafkin da aka ɗumama. Da hantsi akwai ƙungiyar masassaƙa, da ta masu ginin tukwane, da ta masu ɗinki, da ta masu rawa. Har akwai ta tsofaffin mata da ke fareti da tufafi masu ƙyalli tun 1979. Abincin dare tun la'asar sakaliya ake cin sa, saboda gidajen abinci suna rage kuɗi ga wanda ya zo da wuri. Ranar fita kuwa a cika babbar mota a tafi kallon kwazazzabon Grand Canyon, ko gidajen caca da ke ƙasar Indiyawan daji, ko a tsallaka iyaka zuwa Los Algodones ta Meziko, ƙaramin gari mai ɗaruruwan likitocin haƙori, inda ake gyara baki da araha. Wanda ya yi shekara 40 yana aiki a masana'anta, matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun watsu cikin jihohi, in ya sami abokan hira da rana mai ɗumi, babu mai hankalin da zai yi masa baƙin ciki. Kaɗaici ciwo ne, kuma waɗannan garuruwa suna rage shi.

Aibin yana cikin ƙa'idar zaman garin. Dole ne kowane gida ya kasance da mutum ɗaya aƙalla mai shekara 55, kuma wanda bai kai 19 ba ba shi da ikon zama. Baƙunci kawai zai yi, wanda bai wuce kwana 90 a shekara ba. Dokar ƙasa ma ta ɗaure wa abin gindi. A 1988 Amurka ta haramta hana iyali masu yara gida, amma ta keɓe unguwannin tsofaffi, sannan a 1995 ta ƙara sassauta musu sharuɗɗa. Mai karatun da ya tashi yana wasan jika da kaka, yana satar goro a bakin zanen tsohuwa, ya dubi wannan da kyau: gari ne guda da ake ƙirga wa jika kwanakinsa kamar baƙon otel.

Masu kare tsarin suna cewa ai zaɓi ne, kowa da irin kiwon da ya karɓe shi, tsoho ya gaji da hayaniya. Da a ce maganar ta tsaya ga hayaniya, da an yi shiru. To amma a Amurka babban rabo na kuɗin lakwal daga harajin gidajen gunduma yake fitowa, kuma in za a ci bashi don gina sababbin azuzuwa sai an nemi yardar masu ƙuri'a. Sun City tana cikin gundumar makarantu ta Peoria a farkon lamari. Sau da dama aka kawo buƙatar gini, sau da dama tsofaffin suka kayar da ita, alhali azuzuwan maƙwabtansu sun cika sun batse. A 1974 aka raba gari: Sun City ta fita daga gundumar, harajinta ya sauka, kuma baƙon hunturun da ya sayi gida a can yana cin moriyar wannan ragi. Hujjarsu ita ce sun riga sun ilmantar da nasu ƴaƴan. Hujja ce mai rauni ƙwarai. Wane ne ya gina lakwal ɗin da su kansu suka shiga suna yara? Wasu tsofaffi ne da ba su san su ba, waɗanda nasu ƴaƴan sun riga sun girma. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Balle ma fanshon gwamnati da suke karɓa kowane wata, galibinsa daga abin da ake cirewa ne a albashin ma'aikatan yau, wato yaran jiya da aka ƙi gina wa aji.

Daura da Sun City akwai wani ƙaramin gari da ya riga ta wannan tsari tun 1954, sunansa Youngtown, Garin Matasa (ko da gangan aka raɗa sunan don zolaya, ya dace). A 1996 wani yaro ɗan shekara 16 yana zaune wurin kakanninsa, hukumar garin ta ƙi ƙara masa wa'adi. Kakannin ba su yarda ba. Magana ta kai ga hukumomin jiha, aka bincika, aka gano dokar garin ba ta tsaya bisa ƙa'ida ba, ta faɗi a 1998. Abin lura shi ne, a wannan rigima ba yaro kaɗai aka so a hukunta ba. Tsofaffi biyu ne aka ce su zaɓa tsakanin gidansu da jininsu, kuma maƙwabtansu tsofaffi ne suka ɗora musu zaɓin.

Sa'an nan garin da ya kori ƙuruciya ba ya iya kwana ɗaya ba tare da ita ba. Mai yanke ciyawar filayen golf guda 8 na ƙungiyar mazauna (a ƙasar da ruwan samanta na shekara bai kai rabin na Maradi ba), da mai dafa abincin la'asar, da mai jinyar da ke juya tsoho a gado idan ƙafa ta daina ɗauka, yawancinsu matasa ne, da yawa ƴan asalin Meziko. Suna shigowa da safe, su fita da yamma, su koma unguwannin da ƴaƴansu ke karatu.

A watan Afrilu tsuntsayen ƙanƙara sukan rufe tagogi, su kashe famfo, su koma arewa. Ma'aikatan su ne ke zama. A bazarar 2023 Finiks ta yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye, kuma gundumar Marikopa, wadda Sun City ke cikinta, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya kashe a wannan shekara.