Baƙin cikin mai jego ba dauɗa ba ne, a bar shi ya tafi da kansa



Satin da ya wuce na je duba ƙanwata da ke wankan gida wajen Innarmu a nan Maradi. Haihuwar fari ce, saura kwana goma ta yi arba'in. Na iske ta a ɗaki ta ɗage riga tana shafa wani mai a ciki. Kwalbar ko takarda babu a jikinta, haɗin kasuwa ne. Na ce, "Ke, mine ne wannan?" Ta ce, "Yaya, dubi cikina fa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga kuma wannan layin. Haka zan koma ɗakina?" Ƙawarta ce ta kawo mata, wai sati biyu ya isa ya goge komi. Jaririn na kwance a gefenta, kuma da hannun nan mai maiƙo za ta ɗauke shi ta ba shi nono.

Na karɓe kwalbar. Amma tun ranar abin yake damuna, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Bari mu fara da layin kansa. Kowane mutum, mace ko namiji, yana da wani zare a tsakiyar ciki inda naman ɓangaren dama da na hagu suka haɗu, sai dai ba a ganinsa. Idan mace ta samu ciki, sinadaran jikinta na mata suna ƙaruwa sosai, su kuma suna zaburar da fata ta ƙara yin melanin, wato abin da ke ba fatarmu launinta. Shi ya sa wajen wata na huɗu ko na biyar sai a ga baƙin layi ya fito daga mara zuwa cibiya, wani lokaci ya zarce har ƙahon zuci, faɗinsa kamar santimita ɗaya. Likitoci suna kiransa "linea nigra", ma'anarsa baƙin layi ke nan da Latinanci. Dalilin guda ne ke sa kan nono, hammata, wuya da cinyoyi su yi duhu, wata ma har fuska. Kusan mata tara cikin goma suna ganin irin wannan canjin launi a wani wuri na jikinsu, kuma ya fi fitowa ga mu masu baƙar fata.

Layin ba ya cutar da uwa, ba ya cutar da abin da ke cikinta. Ba ya kuma faɗin mace za a haifa ko namiji. Zancen da tsofaffi ke yi cewa in ya wuce cibiya namiji ne, hira ce ta tsakar gida. Mai son sani ta je a yi mata eko.

Bayan haihuwa ne hankalin mata ya fi tashi, don a lokacin cikin ke ƙara baƙi. Fatar da ta miƙe wata tara ta tattare lokaci guda, launin ya taru wuri ɗaya. A hankali yake washewa: wata cikin ƴan watanni, wata sai ta kusa shekara, wata kuma ɗan shatin layin zai zauna, ya sake fitowa a ciki na gaba. To ga inda matsalar take. Mu mun yanke wa mai jego kwana arba'in ta koma kamar amarya, jikinta kuwa bai san wannan lissafin ba. A tsakanin nan ne masu haɗin mai ke cin kasuwarsu.

Mi ke cikin waɗannan mayukan? Galibi abu uku ne. Na farko maganin kumburi mai ƙarfi irin su kulobetazol, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta ƙara faɗi da zurfi, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Ku tuna mata nawa ne ake yi wa aiki a ciro ɗa, kuma ɗinkin a ƙasan cikin nan yake. Wani bincike da aka yi a Dakar, aka wallafa a 2007, ya nuna masu ciki da ke shafa irin wannan mai sun fi haifar jarirai marasa nauyi. Na biyu hidrokinon, wanda jiki ke tsotsa ta fata, in an daɗe ana shafawa kuma ya bar wani baƙin tabo da ya fi na farko wuyar fita. Na uku sinadarin merkuri, guba ce da ke taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana ratsa mahaifa, tana shiga ruwan nono. Ba banza ba ƙasar Kodibuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka tun 2015. Garin neman gira kada a rasa ido.

Haka ma masu dirje ciki da dutsen kaushi ko lemun tsami. Launin a cikin fata yake, soso ba ya kai masa. Dirza sai dai ta ƙuje fatar, ita kuwa baƙar fata in ta ji ciwo ƙara duhu take yi. Ruwa da sabulu mai laushi sun isa. Man kaɗanya yana rage bushewa da ƙaiƙayi, amma kada a ruɗe ku, shi ma ba ya goge layin. Lokaci ne ke goge shi.

Abin da ya kamata ya kai mace likita da gaggawa daban ne: ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa ga mai ciki, musamman da dare, ko idanu su yi ɗorawa, ko wani tabo ya riƙa girma yana zubar da jini. Wannan kada a jira ranar awo.

Maganata ta ƙarshe ga maza ce, don gaskiya yawancin matan nan tsoron bakinku suke ji. Kalma ɗaya ta raha, "wai mi ya samu cikin nan naki?", ta isa ta tura mace kasuwa neman mai. Cikin nan da kake gani ɗanka ne ya kwanta a ciki wata tara. Iyaye mata da ƴan uwan miji, ku ma ku sassauta. Mai jego abinci mai kyau da barci take bukata, ba a riƙa buɗe mata riga ana dubawa ba.

Da zan fito, Inna ta ce wa ƙanwata, "Ni bakwai na haifa, kowanne da layinsa, yau ina yake?" Ban da abin da zan ƙara a kan wannan.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Amin.