Sāke Jinkar Rumbu Da Hatsi A Ciki

Zuwa ga Edita,

Ga maganarmu ta wannan mako daga Lafani, ƙasar Illela. Na sani yanzu akawuna da malaman makaranta sun rage riƙon manyan littattafai, lissafi duka ya koma cikin babbar kwamfuta wadda ƙanana ke ɗiba daga gare ta, watau saba. Don haka na ga ya kamata in ja kunnen 'yan'uwa.

Kwanan baya wani akawu a wani ofis ya so ya ɗaukaka manhajar da ke tafiyar da sabarsu ba tare da ya kwafe abin da ke ciki ba. Ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, na'ura ta ƙi tashi. Kwana uku 'yan kasuwa masu zuwa Birnin Ƙonni suna zarya, ba takarda. Wannan daidai ya ke da mutum ya yaye jinkar rumbu da damina, hatsi na ciki.

To, ga yadda abin ya ke. Manhajar Windows Server tana da iri biyu manya, Standard da Datacenter. Ana iya ɗaga ta farko zuwa ta biyu a inda ta ke, da umarnin DISM da sabon mabuɗi, ba a goge kome ba. Amma fa hanyar ba ta da komowa: wanda ya hau Datacenter ba ya sauka Standard sai ya sāke girka kome daga tushe.

Kada kuwa wani ya ce gara a bar tsohuwa. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows Server 2012 R2 gyara na yau da kullum tun ran 10 ga Oktoba, 2023. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, alhali an fitar da maganinta tun watan Maris, ba su sa ba.

Saboda haka shawarata huɗu ce. Na farko, a yi kwafi uku na bayanai, ɗaya a ajiye shi a wani gida dabam. Na biyu, a jarraba kwafin a wata na'ura, a tabbata yana buɗewa, gama kwafin da ba a gwada ba zato ne kurum. Na uku, a tanadi batir ko janareta, kada a dogara ga wutar gari. Na huɗu, a yi aikin da dare ko ranar hutu, ban da ranar kasuwa.

Ku tuna, jama'a, sunayen mutane da lissafinsu amana ce. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya ta kafa dokar kāre bayanan mutane, wadda ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane, amin.

Haza wasalam. Ni ne naka,
Mai rubuto muku daga Lafani.